Darasi na 9: Idan Magani Ya Daina Ci

Dattawan Waca da suka ga zamanin da allurar fenisilin ta shigo ƙasar nan suna tuna yadda take. Mutum ya zo da maruru ya cika fal da mugunya, ko ciwon sanyi, ko gyambon da ya hana shi taka ƙafa, a yi masa allura ƴan kwanaki, ya miƙe ya koma gona. Yau irin wannan ciwon sai a sha kafso a canza wani, a koma allura, a sake komawa wurin majo, ma'aikacin gidan likita, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wasu su ce maganin zamani ne ba shi da ƙarfi. Wasu su ce jabu ne. Wasu kuma su ce jikin mutum ne ya saba. Jabu kam akwai shi, za mu zo kansa. Amma jikin mutum ba ya sabawa da antibiyotik. Ƙwayar cutar ce ta sauya hali.

A wannan darasi za mu ga yadda hakan ke faruwa, sannan mu duba wata hanya da masana ke gwadawa, wato haɗa man ƙamshi na tsirrai da haske don kashe ƙwayoyin da suka gagari magani. Labarin yana da daɗin ji, don ya taɓo abubuwan da ke cikin kayan yajinmu. Daɗin nasa ne ma ya sa dole a bi shi a hankali.

Ƙwayar da ta tsira

Bakteriya halitta ce mai rai, ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Tana ci, tana haihuwa, haihuwarta kuwa ba naƙuda: ɗaya ta rabe biyu, biyu su zama huɗu. Wadda ake kira E. coli, da ke zaune a hanjin kowannenmu, in ta samu ɗumi da abinci minti 20 ya ishe ta rabewa. Mai son lissafi ya gwada: cikin awa 7, guda ɗaya ta haura miliyan 2.

Ba dukansu ne mugaye ba. Wasu su ke mai da madara kindirmo, wasu su ke nunar da daddawa. Amma a cikinsu ake samun masu kawo taifot, kwalara, tarin fuka, ciwon haƙarƙari, sanƙarau da ruɓewar miki. Don waɗannan aka yi antibiyotik, irin su amoksisilin, tetrasiklin, kotirim da seftriyakzon. Antibiyotik ba ya taɓa mura, ba ya taɓa ƙyanda, ba ya taɓa mafi yawan zawon yara, domin waɗannan aikin wata halitta ce daban da ake kira birus. Zazzaɓin cizon sauro ma nasa maganin daban.

Manomin wake ya riga likita sanin abin da ke biyo baya. Ka yi feshi bana, ƙwari su zube, ƴan kaɗan su tsira. Baɗi ƴaƴan waɗanda suka tsira ne za su cika gonar, kai kuma kana riƙe da maganin da ya kasa kashe iyayensu. Haka abin yake a jikin mutum. Cikin miliyoyin ƙwayoyi akan samu ƴan tsiraru masu wata kariya: wata tana fitar da sinadarin da ke narkar da maganin kafin ya taɓa ta, wata tana tofar da shi waje da zarar ya shiga, wata ta toshe ƙofar da yake bi. Duk lokacin da aka sha antibiyotik, masu rauni ne ke mutuwa su bar wa waɗannan fili. In an sha shi a kan ciwon da ya dace, da awon da ya dace, riba ta fi hasara nesa ba kusa ba. In kuwa mura aka sha wa, ko aka sha rabin awo, hasarar kawai aka kwasa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, bakteriya na miƙa wa junansu wannan kariya, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945, lokacin da ya je karɓar kyautar Nobel, cewa in aka kai ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti, masu shan ƙasa da awo za su koya wa ƙwayoyin jure masa. Ranar ta zo. Wani babban ƙiyasi da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani. In aka auna da yawan jama'a, babu inda abin ya yi ɓarna kamar Afirka ta Yamma: kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000.

Nan gida

Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 sanƙarau ya ratsa jihar Damagaram. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu, kuma gundumar Dungas ce ta fi kowace yawan masu ciwon. Abin da ya tsaya tsakanin sauran da kabari, bayan ikon Allah, allurar seftriyakzon ce. Ƙwayar sanƙarau har yanzu tana jin wannan allura, alhamdu lillahi. Amma akwai ƙwayoyin hanji da tuni suka koyi narkar da ita da danginta, kuma ba sai an je Turai za a same su ba.

An gane haka a Maraɗi. A wata cibiyar jinyar yara masu tamowa, masu bincike sun duba bayan-gidan yara 55 ranar da aka kwantar da su. Kashi 31 cikin 100 sun zo daga gida ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi. Cikin waɗanda suka zo babu kuwa, da aka sake dubawa ranar sallama, kashi 94 cikin 100 sun kwasa. An buga sakamakon a 2011. Yaro na iya zama ɗauke da ƙwayar a hanji wata da watanni lafiyarsa lau. Ranar da ta samu hanya ta shiga jini ko mafitsara, ranar ce za a nemi maganin da zai ci a rasa, ko a same shi da tsadar da talaka ba ya iyawa.

Kada wani ya ji wannan ya ce ya bar kai yaro likita. Yaron da tamowa ta kwantar, in an bar shi a gida, tamowar za ta riga kowace ƙwaya kai shi. Abin lura a nan cunkoso ne. A asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa sashen yara tun 2005, an kai lokaci a daminar 2018 da yara sama da 700 ke kwance lokaci guda, tamowa da zazzaɓin cizon sauro sun haɗu. Inda uwaye suka taru haka, ga zawon yara, ga buta ana karɓa-karɓa, ga cin tuwo a kwano ɗaya, nan da nan ƙwaya ta zaga ɗaki. Shi ya sa ma'aikata ke nacin a wanke hannu da sabulu. Ba raini ba ne.

Sai kuma mai tallar magani. Kowa ya san shi, a kasuwar Waca ko ta Dungas ko ta Maigatari: faranti a ka ko kwali a bayan keke, an jera kafso mai kai ja da gindi rawaya, da mai ja da baƙi, da fararen ƙwayoyi an zare su daga kwalinsu an ƙulla a leda.

"Mai magani, jikan nan nawa zawo yake tun jiya. Ba ni na dala ashirin."

"To Inna, ga uku. Ki fasa ɗaya ki zuba masa a koko, ɗaya kuma da dare. Gobe in Allah ya so sai wasa."

Gobe kuwa yaro ya tashi yana wasa, don yawancin irin wannan zawo da kansa yake tsayawa. Abin da yake bukata ruwan gishiri da sukari ne da ƙwayar zinki, kada ruwan jiki ya ƙare. Kafso ya kwashi yabo, kaka ta ƙulle na ukun a bakin zane don gaba. In tetrasiklin ne, dama ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8 ko mace mai ciki, don yana ɓata haƙoran da ke tsirowa. Ga kuma rana. Yawancin kwalayen magani an rubuta a jikinsu kada zafin ma'ajiyarsu ya wuce awo 25 ko 30, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ko a inuwa sai ya haura 40. OMS ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko bai cika ƙarfi ba. Maganin da bai cika ƙarfi ba, ko an sha shi a kan ƙa'ida, rabin awo aka sha.

Ba na ganin laifin kakar nan. Likita na da nisa, damina ta cinye hanya, kuma ko da yake tun 2006 jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a Nijar, sau da yawa akan je a tarar maganin ya ƙare, a rubuto takarda a ce a je farmasi. Amma uzurinta bai goge abin da kafson ya yi a hanjin yaron ba. Haka ma makiyayin da ya yi wa saniya allurar tetrasiklin da yamma, ya tatse ta da safe aka kai nonon kasuwa, da mai kiwon da ke fasa kafso a ruwan kaji duk lokacin sanyi.

Man da ke tashi

Sababbin antibiyotik ba sa fitowa da saurin da tsofaffin ke mutuwa, don haka masana suka shiga laluben wasu hanyoyi. Ɗaya daga ciki man ƙamshi ne.

A gwada wannan a aji. A samo ɗanyen ɓawon lemo da farar takarda. A lanƙwasa ɓawon dab da takardar a matse: za a ga ɗan feshi ya fita, ƙamshi ya cika hanci, takarda ta yi ɗige-ɗige. A gefe a ɗiga man gyaɗa. A ajiye takardar zuwa gobe. Tabon man gyaɗa yana nan daram, har ya ƙara faɗi. Na lemo kuwa ya tashi, sai dai ɗan alama. Man gyaɗa, man riɗi, man kaɗanya da man darbejiya matse su ake yi daga ƙwaya, kuma ba sa tashi. Man ƙamshi shi ne mai bin iska, shi ne abin da hanci ke ji a kanumfari, kimba, citta, masoro, na'a-na'a, ɗoɗɗoya, tsabre da kajiji. Tsiro na yin sa ne don ya kare kansa daga ƙwari da fumfuna.

Da tururi ake fitar da shi. A zuba ganye a madambaci a rufe ruf, tururi ya ratsa shi ya kwaso man, ya bi ta wani bututu da aka nutsar a ruwan sanyi, ya koma ruwa ya ɗiga a kwalba, man ya rabu da ruwan. Ganye ba ya ba da shi da yawa: kilo 100 da ƙyar ya ba da lita ɗaya, sau da yawa ma bai kai ba. Kanumfari ne mai albarka, don kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsa mai ne, kuma mafi yawan man wani sinadari ne da ake kira yujinol. Tsofaffinmu da ke cusa kanumfari a kogon haƙori ba su yi kuskure ba. Likitocin haƙori har yau suna aiki da yujinol wajen cike haƙori na wucin gadi. Amma a lura da lissafin: ɗigo ɗaya na man ƙamshi ƙarfin tulin ganye ne aka tara. Ba ɗaya yake da jefa ganyen a shayi ba.

Yaya ake sanin yana kashe ƙwaya? A ɗakin bincike akwai ƴan fayafayan gilashi masu murfi, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, an zuba musu wani abinci mai daskarewa. Sai a shafa bakteriya a kai, a ɗora ƴar takarda da aka jiƙa da magani ko man ƙamshi, a rufe a ajiye a ɗumi ya kwana. Da safe ƙwayoyin sun tsiro sun rufe faifan da dushi-dushi, sai kewayen takardar ya rage fes, in abin yana kisa. In ba ya kisa, har gindin takardar za su tsiro. Da irin wannan gwaji ake gane wane antibiyotik ne zai ci ciwon wane majinyaci, kuma rashinsa a ƙananan gidajen likita ne ke tilasta wa ma'aikaci rubuta magani da ƙiyasi. Man kanumfari da na wasu tsirrai da yawa suna buɗe wannan fili a faifai. Suna huda fatar ƙwayar ne, abin cikinta ya tsiyaye. Matsalar ita ce, awon da ke huda fatar ƙwaya sau da yawa yana ƙona naman mutum.

Haske

Cewa rana na kashe ƙwayoyin cuta tsohon ilimi ne. A 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa romon da aka ajiye a kwalba a rana ba ya ruɓewa kamar wanda aka ɓoye a duhu. A 1903 Niels Finsen, likita a ƙasar Danmak, ya samu kyautar Nobel saboda warkar da wani mugun ciwon fata mai cin fuska da haske. Da fenisilin ya zo aka yi watsi da wannan hanya, sai yanzu da bukata ta dawo da ita.

Hasken rana launuka ne a haɗe, bakan gizo ne ke rarraba su. Bayan shunayya akwai wani da ido ba ya gani, mai kashe ƙwaya sosai amma mai lahanta fata da ido. Dab da shi akwai shuɗin haske, wanda ya fi sauƙi a jikin mutum; wani irinsa ne ake kunna wa jarirai masu shawara a manyan asibitoci, ko da yake can wani aiki yake yi daban. Bakteriya da yawa suna tara wani sinadari mai launi a cikinsu, forfirin. In shuɗin haske ya dake shi, sai ya mai da iskar oksijin da ke kusa ta zama mai ƙuna, ta cinye ƙwayar daga ciki. Sai dai haske shi kaɗai yana bukatar lokaci mai tsawo, kuma ba kullum yake gamawa da su ba.

Abin da aka gwada a Boston

A asibitin Massachusetts General da ke Boston a Amurka, wata masaniya mai suna Mei Wu da abokan aikinta suka fara da man wani ganye na ƙasashen Bahar Rum, oregano, ɗan'uwan tayim ɗin da ake sa wa miya. A 2018 suka buga cewa man ya kashe ƙwayoyi 11 masu bijire wa magunguna da yawa, waɗanda aka samo daga raunukan sojoji, kuma da aka yi ta shayar da ƙwayoyin ƙaramin awo har zubi 20 a jere, ba su koyi jure masa ba.

A 2021 suka ɗauki babban sinadarin da ke cikin man, karbakrol, suka haɗa shi da shuɗin haske. Ɗan kaɗan na sinadarin, wanda shi kaɗai ba zai yi kisa ba, da haske na ɗan lokaci, wanda shi ma shi kaɗai ba zai wadatar ba. Da suka haɗu, a mafi kyawun sakamako, cikin minti 30 da wuya ƙwaya ɗaya ta tsira cikin miliyan 10. Har da waɗanda suka lulluɓe kansu da yauƙi. Yauƙin nan kun san shi: santsin da hannu ke ji a cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba, gidan bakteriya ne, kuma irinsa ne ke shimfiɗuwa a kan tsohon gyambo ya hana magani shiga. Sun gwada a ɓeraye masu ƙunar wuta mai zurfi da aka sa wa ƙwayoyi masu taurin kai. Haɗin ya share ƙwayoyin ko ya rage su ƙwarai, alhali man kaɗai ko hasken kaɗai bai yi ba.

Yadda abin ke aiki shi ne wurin ban sha'awa. Haske ya daki forfirin, oksijin mai ƙuna ta fito. Ita kuma ta taɓa karbakrol ta juya shi ya zama wani sinadari, timokinon. Shi ma timokinon in haske ya dake shi sai ya ƙara fitar da oksijin mai ƙuna, ita kuma ta ƙara juya wani karbakrol ɗin. Wuta ta yi ta ciyar da kanta. Tunda naman jikin dabba ba ya tara forfirin yadda bakteriya ke yi, a cikin ƙwayar wutar ke tashi, naman da ke kewaye ya tsira. Kuma saboda ƙunar tana cin wurare da yawa lokaci guda, kariyar da ƙwaya ta tanada don antibiyotik ba ta da amfani a nan.

Timokinon kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu. Shi ne sinadarin da masana suka fi sa wa ido a cikin habbatus sauda. Karbakrol ma yana da ɗan'uwa na jini, timol, wanda ake samu a tayim da kuma wani irin ɗoɗɗoya mai manyan ganye da ke fitowa a Afirka ta Yamma.

Inda za a ja birki

A nan ne nake tsoron mai lasifika a bakin kasuwa, wanda zai ji rabin labari ya ce Turawa sun tabbatar: a shafa man habba a miki a zauna a rana. Binciken bai ce haka ba, ko kusa.

A ɓeraye aka yi shi, kuma magunguna da yawa sun warkar da ɓera sun kasa a kan mutum. Ba abu ba ne da majo zai rubuta maka yau. Sannan shuɗin haske ba ya nutsewa cikin jiki fiye da kaurin fata, saboda haka ko an tabbatar da shi, maganin miki ne da ƙuna da gyambo. Ba zai kai ga taifot a hanji ba, ko sanƙarau a ƙwaƙwalwa, ko ciwon haƙarƙari a huhu. Waɗannan sai antibiyotik, shi ya sa lalacewarsa ba ta da madadi.

An kuma yi aikin da tataccen sinadari mai awo, da fitila mai launi ɗaya mai awo. Man habbar kasuwa matsattsen mai ne, timokinon ɗin cikinsa kaɗan ne, wani ma an sirka shi da man gyaɗa. Ko tsiron kansa ba ya tsayawa a hali ɗaya: ɗoɗɗoyar nan a wata ƙasa timol ne ya fi yawa a manta, a wata kuma yujinol. Rana ita ma ba fitilar asibiti ba ce, tana tafe da hasken nan mai lahani, ga ƙura, ga ƙuda. Wani haɗin mai da rana ma mutum yake ƙonawa: ruwan lemun tsami ko man ɓawonsa in ya taɓa fata aka shiga rana, yakan tayar da bororo ya bar baƙin tabo na watanni. Shan man ƙamshi kuwa ya fi haɗari. An sha kai ƙananan yara asibiti hantarsu ta lalace bayan sun haɗiye abin da bai wuce cokalin shayi biyu na man kanumfari ba. Kwalbarsa a ajiye ta inda hannun yaro ba ya kai.

Duk da haka ina ganin aikin ya cancanci a bi sawunsa, kuma mu muka fi kowa bukatarsa. Duk lokacin sanyi sai an samu yaron da ya faɗa wutar jin ɗumi ko kunu ya kwaro masa, ga masu ciwon sukari da gyambon ƙafa. Ƙananan fitilun zamani ba su da tsada, kuma farantin hasken rana na iya kunna su. Ko ɗoɗɗoya da tsabren Korama za su yi abin da oregano ya yi, tambaya ce da ta dace da Jami'ar André Salifou ta Damagaram da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, a faifan gilashi, ba a ƙafar yaro ba. Kafin nan, wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi na tsawon minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi likita. Ban da man goge haƙori, ban da ƙwai, ban da garin kafso.

Rana da ruwan sha

Akwai wurin da rana ta riga ta ci jarrabawa, shi ne ruwan sha. An fara nazarin dabarar a Bairut ta ƙasar Labanan wajen 1980, daga baya masana a Suwizalan suka daidaita ta, yau ana aiki da ita a ƙasashe da dama. A samo gorar roba fara tas, irin ta ruwa ko ta lemo, wadda ba ta wuce lita 2 ba kuma ba ta dushe da karce ba. A cire takardar jikinta, a wanke, a cika da ruwa a rufe, a kwantar da ita a kan rufin kwano ko wani wurin da rana ke duka tun hantsi. Awa 6 in rana ta buɗe. Kwana 2 in akwai hadari ko hazo mai kauri. Hasken da zafin ne ke haɗuwa su kashe mafi yawan ƙwayoyin zawo, masu jin antibiyotik da marasa ji.

Sharaɗin shi ne ruwan ya zama garau. Ruwan tafki ko na rijiyar fadama mai laka sai an bar shi ya kwanta an tace tukuna, don laka inuwa ce ga ƙwaya. Dabarar ba ta cire gishiri ko kanwa ko maganin feshi. A sha daga gorar ko a tsiyaya a kofi mai tsabta. In aka juye a randar da moɗa ke shiga da fita, an koma gidan jiya. Zawon da bai kama yaro ba, ba za a saya masa kafso ba.

Aiki

1. A yi gwajin ɓawon lemo da man gyaɗa. Kowa ya rubuta jimla biyu a kan abin da ya gani washegari.

2. In ƙwaya ɗaya tana rabewa biyu duk minti 20, guda nawa za ta zama bayan awa 2?

3. Kowa ya zo da kwalin wani magani da ke gidansa. A taimaki juna a nemo sunan maganin, da ranar da zai lalace, da awon zafin da aka ce a ajiye shi. A ware waɗanda antibiyotik ne, a tambayi majo a kan waɗanda aka yi shakka.

4. Maƙwabcinka ya ji a waya cewa man habba da rana na warkar da gyambo, yana shirin yi wa mahaifinsa. Mutum biyu su tashi su gwada hirar a gaban aji: ɗaya maƙwabcin, ɗaya kai.